Harin Ƙasa-Ƙasa: Jiragen Yaƙi a Samaniyar Karkarar Arewacin Kano, 1925 zuwa 1970

Tsakure

Maƙalar nan bayani ce a kan salon yaƙin sama wanda jirgi ke saukowa dab da kan itatuwa kafin ya saki bam ko ya harba roka, da irin jiragen da suka yi wannan aiki, da kuma yadda abin ya shafi filin jirgin saman Kano da karkarar da ke arewa da shi. An bi sawun al'amarin tun daga saukar jiragen farko a 1925, zuwa zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, zuwa harin da jirgin Biyafara ya kawo a watan Agustan 1967. Matsayin maƙalar shi ne, ƙarancin kayan aiki ne yake tilasta wa matuƙi saukowa ƙasa, kuma yanayin zaman mutanen da ke ƙarƙashinsa ne yake yanke girman asarar da kuskurensa zai jawo. An kuma duba kalmomin da Hausa take siffanta irin wannan hari da su.

1.0 Gabatarwa

Filin jirgin saman Kano, wanda a yau ake kira da sunan Malam Aminu Kano, yana arewa maso gabashin tsohon birni. A shekarun 1960, a nan ne gari yake ƙarewa gona ta fara. Daga shingen filin zuwa ƙasashen Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa, gona ce take bin gona, gida yake hangen gida, babu wani daji mai faɗi da ya raba su. Wannan karkara tana cikin yankin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson suka siffanta a 1965 da yankin cunkoson mazauna na Kano.

Littattafan da suka yi magana a kan yaƙin sama a Nijeriya, irin su Shadows na Michael Draper wanda ya fito a 1999, daga kujerar matuƙi suke kallon al'amarin. Ƙidayarsu ta jirage ce: nawa aka sayo, nawa aka lalata, wane ne ya tuƙa wanne. Wannan aiki ne mai amfani, kuma a kansa duk wani mai nazari zai ɗora nasa. Sai dai mai nazarin Hausa yana da wata tambaya ta daban, wato me yake ƙarƙashin fiffiken jirgin a daidai lokacin da yake wucewa. Kafin a kai ga wannan, wajibi ne a fahimci abin da yake sa matuƙi ya bar tsakiyar samaniya, inda yake da ɗan aminci, ya sauko inda ko bindigar hannu tana iya samunsa.

2.0 Dalilin Saukowa Ƙasa

Bam ɗin da aka saki daga jirgi ba ya faɗowa a miƙe kamar guga a rijiya. Yana barin jirgin ne da irin gudun da jirgin yake yi, saboda haka yana tafiya gaba yana kuma yin ƙasa a lokaci guda. Jirgin da yake gudun kilomita 400 a awa yana cin kimanin mita 111 a kowace daƙiƙa. Idan ya saki bam daga tsayin mita 3,000, bam ɗin zai yi kusan daƙiƙa 25 a iska, ya yi tafiyar fiye da kilomita biyu da rabi kafin ya taɓa ƙasa. A cikin wannan tsawon lokaci iska tana tura shi, kuma duk ɗan kuskuren da aka yi wajen auna tsayi ko gudu sai ya yi ta girma. Idan kuwa daga tsayin mita 60 aka sake shi, daƙiƙa uku da rabi kawai zai yi, tafiyarsa ba za ta kai mita 400 ba. Wannan lissafi shi ne tushen harin ƙasa-ƙasa baki ɗayansa.

Turawan Ingila sun koyi wannan darasi da tsada. A watan Agustan 1941 wani bincike da aka sani da Rahoton Butt ya duba hotunan da jiragensu suka ɗauko a hare-haren dare, ya gano cewa daga cikin jiragen da suka ce sun kai hari inda aka tura su, ɗaya cikin uku ne kawai ya zo tsakanin mil biyar da wurin, wato kimanin kilomita 8. Hanyoyin gyara biyu ne. Ko dai a ƙera na'urorin saiti da na neman hanya masu tsada, a kuma tura ɗaruruwan jirage a lokaci guda domin yawa ya rufe kuskure, ko kuma a sauko ƙasa a yi saiti da ido. Hanya ta farko ta masu masana'antu ce. Ta biyu kowa yana iya bi, muddin yana da matuƙin da zai yarda.

Akwai wata fa'ida kuma. Na'urar rada a miƙe take hange, duniya kuwa a lanƙwashe take, don haka jirgin da ya kwanta kusa da ƙasa ba ya bayyana sai ya iso kusa. Masu tsaro a ƙasa sukan ji ƙararsa ne a lokacin da ya riga ya zo kansu. Amma farashin wannan fa'ida babba ne. Ƙananan bindigogin kakkaɓo jirage suna samunsa cikin sauƙi. Ɓarɓashin bam ɗin da ya saki da kansa yana iya cim masa, abin da ya sa ake ɗaura wa bama-baman na'urar jinkirta fashewa na 'yan daƙiƙoƙi. Idan inji ya sami matsala babu sararin da za a yi tsalle da lema. Neman hanya ma yana ƙara wuya, domin wanda yake ƙasa-ƙasa ba ya ganin nesa, sai dai ya riƙa bin kogi ko layin dogo ko dutse.

Hare-hare biyu na 1943 sun isa misali. A daren 16 ga Mayu jiragen Lancaster 19 na Ingila suka tafi fasa madatsun ruwa a Jamus, suna sakin bam daga tsayin ƙafa 60, wato mita 18, a bisa ruwa. Sun fasa madatsun Möhne da Eder, amma jirage takwas ba su koma gida ba, mutum 53 daga cikin ma'aikatansu suka mutu. Ambaliyar da ta biyo baya ta kashe kimanin mutum 1,600, mafi yawansu fursunoni da leburorin tilas da Jamus ta kwaso daga Gabashin Turai. A ranar 1 ga Agusta kuma jiragen B-24 na Amurka kimanin 177 suka tashi daga Bangazi ta Libiya zuwa matatun man Ploiesti a Romaniya. Sun yi ƙasa har an ruwaito cewa wasu sun dawo da karan masara maƙale a cikinsu. Fiye da 50 aka rasa, ma'aikata fiye da 300 suka mutu, ɗaya daga cikin jiragen da aka harbo kuma ya faɗa kan gidan yarin mata na garin ya kashe gommai. Cikin 'yan makonni matatun suka koma aiki. A duka biyun saiti ya yi kyau gwargwado, amma kyawun saitin bai kare waɗanda suke zaune kusa da abin da aka saita ba.

3.0 Kano a Kan Hanyar Jiragen Yaƙi

Jiragen farko da suka sauka a Kano jiragen jefa bam ne. A ranar 1 ga Nuwamban 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku ƙirar DH.9A na rundunar saman Ingila suka iso daga Helwan ta Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Ba yaƙi ya kawo su ba, gwajin hanya ne da nuna ƙarfin mulki. Shi wannan Coningham shi ne daga baya ya jagoranci rundunar saman Ingila a hamadar Afirka ta Arewa daga 1941, inda ya yi suna wajen tsara yadda jirage za su riƙa saukowa suna taimaka wa sojan ƙasa. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano.

Yaƙin da Hausawa suka fi sani da Yaƙin Hitila shi ne ya mayar da Kano zango mai muhimmanci. A watan Yunin 1940 Faransa ta faɗi, Italiya ta shiga yaƙi, hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari ga Ingila. Sai aka koma kawo jirage a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da El Fasher da Hartum har Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 6,000. Ayari na farko ya tashi a watan Satumban 1940. Yawanci jirgin Blenheim mai inji biyu ne yake gaba a matsayin ja-gaba, domin shi ne yake ɗauke da mai duba taswira, ƙananan jiragen Hurricane suna biye da shi kamar yadda ayarin fatake yake bin madugu. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Manoman Ungogo da Gezawa na wancan zamani sun ga jiragen yaƙi suna sauka da tashi a kan gonakinsu tun kafin yawancinsu su taɓa shiga mota.

Hanyar ta yiwu ne saboda Gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle a watan Agustan 1940. Nijar kuwa ta zauna a hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, wato Damagaram da Maraɗi, abokan cinikin Kano na tun tale-tale, sun wayi gari a ɗaya ɓangaren yaƙin. Jamusawa ma sun san darajar wannan hanya. A watan Janairun 1942 jirgi guda ɗaya ƙirar Heinkel 111 ya taso daga kudancin Libiya, ya ƙetare hamada, ya jefa bama-bamai a filin jirgin Fort Lamy, wato Njamena ta yau, ya ƙona man jirage mai yawa. A hanyar komawa mai ya ƙare masa, ya sauka a cikin rairayi, sai bayan kwanaki aka ceto mutanensa. Jirgi ɗaya, tafiya mai nisa, filin jirgin da bai yi zaton baƙo ba: irin wannan tsari ne ya sake aukuwa a Kano bayan shekara 25.

4.0 Agustan 1967

An ƙirƙiro Jihar Kano a ranar 27 ga Mayun 1967, aka naɗa Audu Baƙo gwamna. Bayan kwana uku Laftanar-Kanar Ojukwu ya yi shelar ɓallewar Biyafara, a ranar 6 ga Yuli kuma aka fara harbi. A lokacin babu ɓangaren da yake da rundunar sama ta a zo a gani. Rundunar saman Nijeriya a 1964 aka kafa ta da taimakon Jamus ta Yamma, abin da take da shi kuwa ƙananan jiragen koyo ne da na aike, irin su Piaggio 149 da Dornier 27. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki: ɓangarorin biyu duka sun mayar da jiragen fasinja, musamman DC-3, jiragen jefa bam, ana mirgino bama-baman ta ƙofa da hannu.

Biyafara ce ta fara samun jirgin yaƙi na ainihi. Shi ne Douglas B-26 Invader, ƙirar Amurka ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, mai inji biyu na farfela, kowanne da ƙarfin doki 2,000. Yana iya gudun fiye da kilomita 550 a awa, cikinsa kuma yana ɗaukar bam na nauyin kilo 1,800. Tun asali don harin ƙasa-ƙasa aka ƙera shi, shi ya sa ya daɗe yana yawo a yaƙe-yaƙen da suka biyo baya: Amurka ta yi amfani da shi a Koriya, Faransa a Indocina da Aljeriya, an gan shi a Kuba a 1961 da Kwango a 1964. Wanda ya iso Inugu a watan Yunin 1967 tsohon jirgin sojan Faransa ne da aka riga aka cire wa makamai. Wanda ya kawo shi kuwa Jan Zumbach ne, ɗan ƙasar Folan, tsohon gwanin yaƙin sama na 1940 a Ingila, wanda ya koma sojan haya yana amfani da sunan John Brown. A Inugu aka zana wa hancin jirgin bakin kifi mai haƙora, aka ɗaura masa bindigogi na kwaskwarima, aka riƙa ƙera masa bama-bamai na gida. Jirgin da yake cikin wannan hali ba shi da zaɓi. Bam ɗin da aka ƙera a makera, ba tare da ingantacciyar na'urar saiti ba, in aka sake shi daga mita 3,000 sai dai a bar wa Allah inda zai faɗa. Dole ne a sauko. A ranar 10 ga Yuli ya kai hari filin jirgin Makurɗi.

Gwamnatin Janar Gowon ta nemi jiragen yaƙi wurin Ingila da Amurka, ba su ba ta ba. Sai ta juya ga Tarayyar Sobiyet, Cif Anthony Enahoro ya tafi Mosko. A tsakiyar watan Agusta, kwanaki kaɗan bayan sojan Biyafara sun kutsa Jihar Tsakiyar Yamma a ranar 9 ga wata, manyan jiragen dakon kaya ƙirar Antonov 12 suka fara sauka a Kano ɗauke da jiragen MiG a wargaje. Kashin farko MiG-17 guda takwas ne da MiG-15 na koyo guda biyu, matuƙan farko kuma Misirawa ne. Dalilin zaɓen Kano a fili yake: titinta yana ɗaukar manyan jirage, ita ce ƙofar Nijeriya ta fuskar Masar tun zamanin Coningham, sannan tana nesa da fagen daga, kimanin kilomita 630 daga Inugu.

Wannan nisa bai fi ƙarfin B-26 ba. Jirgin MiG-17 mai injin jet ne, in ya tashi sama tsohon jirgin farfela ba shi da ta cewa a gabansa. Lokacin da za a iya cin galabarsa kawai shi ne yana ƙasa, fukafukansa a kwance, ana kan harhaɗa shi. Wannan ne ya kawo jirgin Biyafara Kano a kashi na biyu na watan Agusta, kwanaki kaɗan bayan isowar kayan. Harin bai hana abin da ake gudu ba. Ba da jimawa ba jiragen MiG, tare da L-29 ƙirar Cekosulobakiya, suka shiga yaƙi, a ranar 4 ga Oktoba Inugu ta faɗa hannun sojan tarayya, a can kuma aka bar jirgin mai bakin kifi.

Bai kamata a manta cewa filin jirgin Kano yana da wani nauyi a zukatan mutanen Gabas ba. A ranar 1 ga Oktoban 1966 sojojin Bataliya ta 5 da suka yi bore sun kashe 'yan ƙabilar Ibo da suke jiran jirgi a wannan fili, kafin kisan ya bazu zuwa tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Wata goma sha ɗaya bai cika ba tsakanin wancan dare da zuwan B-26.

4.1 Abin da ke Ƙarƙashin Fiffike

Matuƙin da ya taso daga kudu yana da alamomin da za su kai shi Kano: layin dogon da ya iso birnin a 1911, Kogin Challawa, duwatsun Dala da Goron Dutse, da badala. Watan Agusta lokacin marka ne, gajimare yakan sauko ƙasa, wanda kuma yake son ganin waɗannan alamomi dole ya bi ta ƙarƙashinsa. Da zarar ya wuce filin jirgi, in ya kuskure ko in yana son ya kewayo, a kan karkarar arewa da gabas zai yi juyinsa.

Karkarar nan ba irin wadda littattafan koyar da matuƙa suke zato ba ce, inda filin jirgi yake tsakiyar sarari, bam ɗin da ya kauce ya faɗa a ciyawa. Bisa alƙaluman farkon shekarun 1960, yawan mutane a yankin ya haura 130 a kowane murabba'in kilomita, a gundumomin da ke gab da birni kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Ana noma gonakin kowace shekara ba tare da hutu ba, abin da yake riƙe su shi ne taki, na dabbobin gida da kuma wanda jakuna suke ɗebowa daga birni bayan sun kai itace. Mutane ba a manyan garuruwa masu ganuwa kaɗai suke ba, gidaje ne a warwatse cikin gonaki, kowanne da darninsa da rumbunansa da turken awakinsa, burtali yana ratsawa tsakani. Itatuwan ma na gona ne, kowace da mai ita: ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da gawo, nan da can kuma rimi ya yi musu zarra. Ga matuƙin da yake ƙasa-ƙasa, rimi shi ne abin tsoro na farko.

Idan aka ɗora lissafin da ya gabata a kan wannan ƙasa, abin yakan fito sarai. Gona mai eka ɗaya, in murabba'i ce, kowane gefenta kimanin mita 64 ne. Jirgin da yake cin mita 111 a daƙiƙa yana ƙetare kusan irin waɗannan gonaki biyu kafin mutum ya ɗaga kai daga kan fartanya. Jinkirin daƙiƙa uku wajen sakin bam, wanda ba komai ba ne ga mutumin da yake turo shi da hannu ana harbinsa daga ƙasa, ya isa ya kai shi gona ta biyar ko ta shida. In kuwa aka ɗauki ma'aunin Rahoton Butt na hari daga can sama, da'irar da take da kilomita 8 daga tsakiya zuwa baki tana da faɗin murabba'in kilomita 200, wanda ko a mafi ƙarancin cunkoson yankin ya ƙunshi mutum 26,000. Ta wannan fuska saukowa ƙasa sauƙi ne ga manomi, domin yana taƙaita da'irar. Amma ba ya kawar da ita, kuma a ƙasar da babu saura ko ɗaya, duk inda da'irar ta tsaya akwai mai gona.

Lokacin ma yana da tasiri. A Agusta gero ya fitar da kai, dawa tana tasowa, gyaɗa tana ƙasa, mutane suna gona tun safe, rumbuna kuma sun kusa ƙarewa. Wata ne da asarar kwana biyu na aiki, ko ta jaki guda, take iya taɓa abincin shekara. A gefe guda, jiƙaƙƙiyar jinka da ɗanyen kara ba sa kama wuta kamar yadda za su yi a watan Maris.

Wannan siffa ta cunkoso tana da takwara a ƙasar Ibo ta tsakanin Owerri da Orlu da Umuahia, inda Biyafara ta takure daga 1968. Karkarar Kano ta ga jirgin abokan gaba na 'yan mintoci. Waccan kuwa ta zauna a ƙarƙashin jiragen tarayya fiye da shekara biyu, da MiG ɗin da aka harhaɗa a Kano, da kuma Ilyushin 28 masu jefa bam da suka iso a 1968. 'Yan jarida da ma'aikatan agaji na ƙetare sun ba da rahoton bama-bamai a kasuwanni da asibitoci, cikinsu har da Winston Churchill, jikan tsohon Firayim Minista, wanda ya rubuta wa jaridar The Times a 1969. Duk nazarin da zai yi maganar Agustan 1967 a Kano ya tsallake wannan, ya yi rabin aiki.

5.0 Ƙananan Jiragen von Rosen

Harin ƙasa-ƙasa mafi shahara a Yaƙin Basasa bai iso Kano ba, amma jiragen da suka shigo ta Kano ya nufa. Carl Gustaf von Rosen, ɗan ƙasar Suwidin, ya fara shiga Biyafara ne da jirgin agaji a watan Agustan 1968, yana bin ƙasa-ƙasa daga tsibirin Sao Tome don kauce wa rada. Abin da ya gani na ɓarnar bama-bamai ya sa ya komo da jirage biyar ƙirar MFI-9B, ƙananan jiragen koyon tuƙi masu kujera biyu da inji mai ƙarfin doki 100, wato kashi ɗaya cikin arba'in na ƙarfin B-26. An harhaɗa su a Gabon, aka shafa musu koren fenti, aka rataya wa kowanne rokoki 12 ƙirar Faransa. A ranar 22 ga Mayun 1969 suka afka wa filin jirgin Fatakwal, cikin mako guda suka bi da Binin da Inugu da tashar lantarki ta Ughelli, suka lalata jiragen tarayya da dama a ƙasa. 'Yan Suwidin da 'yan Biyafara ne suka tuƙa su.

Roka ta bambanta da bam domin inda hancin jirgi ya kalla nan take tafiya, don haka da'irar kuskurenta ƙarama ce. Waɗannan jirage, da mai kuɗi ɗaya zai iya saya, sun yi wa rundunar saman tarayya ɓarnar da B-26 bai yi ba. Duk da haka ba su sauya ƙarshen yaƙin ba, wanda ya zo a ranar 15 ga Janairun 1970.

6.0 Kalmomin Hausa da Wannan Salon Hari

Waƙoƙin Hausa na Yaƙin Basasa sun sami kulawar masana, Graham Furniss ya yi nazari a kansu a 1991. Kalmomin yaƙin sama su ma sun cancanci irin wannan kulawa, domin daga gona da tsakar gida Hausa ta ɗebo su. Jirgi asalinsa na ruwa ne, aka ara wa na ƙasa, sannan na sama. Shawagi na tsuntsu ne. Kakkaɓowa ta 'ya'yan itace ce. Mai saukar ungulu ya sami sunansa daga yadda yake dira ba tare da gudu a titi ba. A yau an ƙara jirgi maras matuƙi, kalmar da ta shiga kowane gida a Arewa bayan abin da ya faru a Tudun Biri ta Jihar Kaduna a ranar 3 ga Disamban 2023, inda irin wannan jirgi na soja ya kashe masu taron Mauludi fiye da 80.

Maganganu biyu da kafafen yaɗa labarai suka fi amfani da su wajen harin sama su ne ruwan bama-bamai da luguden wuta. Duka biyun suna ɗauke da ma'anar daɗewa da maimaici. Ruwa yana sauka ne daga can sama a kan kowa, na ɗan lokaci mai tsawo. Lugude kuwa mata biyu ko uku ne a kan turmi ɗaya, taɓarya tana bin taɓarya. Sun dace da abin da ɗaruruwan jirage suka yi wa biranen Jamus, ko abin da Ilyushin ya yi wa kasuwannin Gabas. Ba su dace da jirgi ɗaya da ya ɓullo daga bayan rimi, ya saki abin da ya ɗauko, ya ɓace kafin mai gadi ya juya bindigarsa ba. Mai fassarar da ya kira harin Fort Lamy ko na Kano ko na Fatakwal da luguden wuta ya canza wa mai karatu siffar abin da ya auku, ya kuma ɓoye masa dalilin da ya sa jirgin ya zo shi kaɗai.

Harin ƙasa-ƙasa, kamar yadda aka yi amfani da shi a nan, yana bayyana tsayin jirgin ne kawai. Hausa tana da fi'ilin da ya haɗa saukowar da saurin da mamayar a wuri guda, wato fyauce, abin da shirwa take yi wa ɗan tsako a tsakar gida yayin da kaza take tsakiyar tono. Harin fyauce zai iya zama kalmar fannu ga wannan salo. Inda kamancen ya gaza shi ne, shirwa ɗauka take yi ta tafi da shi, jirgi kuwa ajiyewa yake yi ya wuce, saboda haka a rubutun ilimi kalmar tana bukatar a bayyana ta a karon farko da aka ambace ta.